Ƙarar kunne: hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna inda sautin ke fitowa, amma magani bai iso ba tukuna

Akwai ciwon da mai shi kaɗai ke jin sa. Mutum ya kwanta da dare, gari ya yi tsit, amma kunnensa na ta kuka kamar gyare ya shige ciki, ko ya riƙa jin shuuu irin na rediyon da ya ɓace wa tasha. In ya tambayi na kusa da shi, a ce masa ba a ji komai ba. In ya je likita aka leƙa kunnen, sau da yawa a ce lafiya lau yake. Wannan ita ce ƙarar kunne, wadda likitocin Nijar ke rubutawa acouphène da Faransanci. Wasu kan ce ana ambaton mutum ne a wani wuri, wasu su ɗora wa hawan jini, wasu kuma su ce iska ce.

A shekarar 2025 masu bincike a asibitin ido da kunne na Massachusetts da ke birnin Boston na Amurka, ƙarƙashin jagorancin Daniel Polley, sun wallafa wani aiki a mujallar Science Translational Medicine wanda ya sake tayar da zancen. Sun zaunar da mutum 97 gaban kyamara, suna kunna musu sautuka iri-iri, masu daɗi da marasa daɗi. Sai suka ga waɗanda ƙarar ta fi addaba, ƙofar tsakiyar baƙin idonsu na buɗewa fiye da kima ga kowane sauti, kamar mutumin da ke zaune cikin tsammanin haɗari, fuskarsu kuwa ba ta cika motsi ba. Ke nan an samu wata alama da wani zai iya gani daga waje, a ciwon da a da sai dai a yarda da bakin mai shi.

Wannan aiki ya zo ne bayan kusan shekara 30 ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar masu ƙarar kunne. Abin tambaya shi ne me aka gano a tsawon wannan lokaci, a ina masana suka yi saɓani, kuma me sakamakon zai amfana wa mai injin niƙa a Maraɗi ko ɗan kabu-kabu a Damagaram.

Yawan masu fama

A 2022 masana a cibiyar Mario Negri ta birnin Milan a Italiya sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, suka wallafa a mujallar JAMA Neurology. Lissafinsu ya nuna kusan kashi 14 cikin 100 na manya a duniya, wato mutum fiye da miliyan 740, suna jin wannan ƙara. Ga sama da miliyan 120 daga cikinsu abin ya tsananta, yana hana barci, yana hana natsuwa wurin aiki, yana jawo baƙin ciki. Yawan na ƙaruwa da shekaru. A Najeriya, wani bincike da likitocin Jami'ar Ibadan suka fitar a 2010 kan tsofaffi ƴan shekara 65 zuwa sama ya sami kusan kashi 14 cikin 100 suna fama da ita.

A Amurka ƙarar kunne ce larurar da ta fi kowace yawa cikin waɗanda ake biyan tsofaffin sojoji diyya a kansu, kuma masu karɓa sun haura miliyan 2. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙasar ke zuba kuɗi a binciken.

Yadda zargi ya tashi daga kunne

Da daɗewa likitoci sun ɗauka cewa tunda a kunne ake jin ƙarar, a kunne take. Abubuwa biyu suka girgiza wannan fahimta tun kafin a samu na'urorin hoto na zamani.

Na farko, a 1953 wasu likitoci biyu a Amurka, Heller da Bergman, sun shigar da mutum 80 masu lafiyar kunne ɗakin da sauti ba ya ratsawa, kowa na ƴan mintuna. Kashi 94 cikin 100 sun fito suna cewa sun ji wani sauti, wasu kamar fito, wasu kamar gunjin inji. Ashe hanyar ji ba ta taɓa yin shiru ɗungum, hayaniyar duniya ce ke rufe ƙaramin motsin da take yi.

Na biyu ya fito daga ɗakin tiyata. Akwai marasa lafiyar da dole a yanke musu jijiyar da ke kai sauti daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa. Da a kunne ƙarar take, da yankan ya kashe ta. Amma rahoton da likitoci House da Brackmann na birnin Los Angeles suka fitar a 1981 ya nuna cewa a wajen fiye da rabin waɗanda aka yanke wa jijiyar, ƙarar ta ci gaba yadda take ko ma ta ƙaru. Kunnen ya daina aiko da saƙo, mutum kuma bai daina ji ba.

A 1990 wani masani ɗan asalin Poland mai aiki a Amurka, Pawel Jastreboff, ya haɗa waɗannan zaruruwa. Ya ce lahanin kan fara ne a kunne, amma ƙwaƙwalwa ce ke riƙe sautin, kuma sassanta masu kula da tsoro da damuwa su ne ke mai da shi azaba. Ana kwatanta wannan da wanda aka yanke wa ƙafa amma yana jin ƙaiƙayi a yatsun da babu su. A lokacin hasashe ne kawai, sai da hoto ya zo aka soma gwada shi.

Abin da hotunan farko suka nuna

Na'urorin da ake wannan aiki da su ba sa jin ƙarar. Wasu, kamar TEP da wani nau'in IRM, suna bin sawun jini ne, domin duk sashen ƙwaƙwalwar da ya ƙara aiki jini na ƙara kwarara zuwa gare shi. Wasu kuma suna auna ƴar wutar lantarki ko maganaɗisun da ƙwayoyin jijiya ke fitarwa. Matsalar ita ce hoto na buƙatar kwatanci, a ɗauka lokacin da abu yake, a ɗauka lokacin da babu shi. Ƙarar kunne kuwa ba ta da makunni.

Alan Lockwood da Richard Salvi na Jami'ar Buffalo sun sami mafita a 1998. Sun nemo mutum huɗu waɗanda ke iya canza ƙarfin ƙararsu in sun cije haƙora, suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu da na'urar TEP kafin cizon da lokacin cizon. Sauti na gaske, ko ta kunne ɗaya ya shiga, yana tayar da sashen ji na ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, saboda jijiyoyin na rarrabuwa a hanya. Amma da ƙarar kunnen ta canza, ɓangare ɗaya kawai ya amsa. Hakan ya nuna ba ta hanyar da sauti ya saba bi ta zo ba, a can ciki aka ƙirƙiro ta. Sun kuma ga motsi a sassan da ke da alaƙa da tuna abu da motsin rai, kamar yadda Jastreboff ya yi hasashe.

A shekarar dai, wasu masana a Jamus, cikinsu har da Herta Flor da Thomas Elbert, sun duba yadda sautuka ke jere a ƙwaƙwalwa. Sashen ji yana da tsari irin na rumfunan kasuwa: sauti mai kauri na da wurinsa, siriri na da nasa, kowa a layinsa. Sun ba da rahoton cewa a masu ƙarar kunne wannan jeri ya gurɓace daidai wurin sautin da mutum ke ji, kamar rumfar da mai ita ya tashi maƙwabta suka faɗaɗa tasu zuwa ciki. A 2005 kuma ƙungiyar Nathan Weisz a Jami'ar Konstanz ta ga cewa bugun lantarkin da ke nuna sashen ji yana hutawa ya yi ƙasa a masu ƙarar, wani bugu mai nawa kuma ya ƙaru.

Ƙwaƙwalwa ta ƙara murya

Bayanin da ya fi samun karɓuwa a yau yana da sauƙin fahimta ga duk wanda ya taɓa riƙe rediyo a ƙauye. In tasha ta yi nisa murya ta yi ƙasa, mutum kan murɗa ya ƙara sauti, sai shuuu ɗin ma ya ƙaru tare da muryar. A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, ɗauke da ƙwayoyi masu gashi kusan 15,000 zuwa 16,000 da ke mai da girgizar iska saƙon lantarki, jijiyoyi kusan 30,000 kuma su kai saƙon sama. In hayaniya ko tsufa ko wani magani ya kashe wasu daga cikin ƙwayoyin, saƙo ya ragu, ƙwaƙwalwa sai ta ƙara murya don ta cike giɓin. Wancan ƙaramin motsi da Heller da Bergman suka gano a ɗakin shiru shi ne ke fitowa fili.

An gwada wannan a kan mutane masu lafiya. A 2012 Roland Schaette da abokan aikinsa a Ingila sun toshe wa ƴan sa-kai 18 kunne ɗaya na tsawon mako guda. Mutum 14 sun soma jin ƙara. Da aka cire toshiyar, ƙarar ta ɓace.

To amma akwai masu ƙarar kunne da in an auna jinsu a likita sai a tarar daidai yake. Amsar wannan ta soma fitowa a 2009, lokacin da Sharon Kujawa da Charles Liberman na Boston suka sa ɓeraye cikin hayaniya mai ƙarfin desibel 100 na awa biyu. Bayan ƴan makonni jinsu ya dawo kamar ba abin da ya faru. Da aka duba cikin kunnen, sai aka tarar a wasu wurare kusan rabin mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin gashi da jijiyoyi sun mutu, kuma ba su dawo ba. Awon ji na yau da kullum yana tambaya ne ko mutum ya ji ƙaramin sauti a ɗaki mai shiru, jijiyoyi kaɗan ma sun isa wannan aiki, shi ya sa ɓarnar ke ɓoyewa. A 2011 Schaette da David McAlpine a London sun ga alamar haka a mutane: saƙon da ke fitowa daga jijiyar kunne ya yi rauni, amma kafin ya kai tsakiyar ƙwaƙwalwa ya koma cikakken ƙarfinsa, alamar an ƙara masa murya a hanya. A 2023 ƙungiyar Stéphane Maison a Boston ta sami irin wannan sakamako a kan mutum kusan 300.

Me ya sa wani ke wahala, wani kuwa bai damu ba

Rashin ji kaɗai bai bayyana komai ba. Akwai masu raunin ji da ba su da ƙara ko kaɗan. Akwai kuma mutum biyu masu ƙara iri ɗaya, ɗaya na harkokinsa, ɗaya ya kasa barci. A nan ne hoton ƙwaƙwalwa ya fita daga sashen ji ya shiga wasu wurare.

Wanda gidansa ke bakin tasha, bayan ƴan watanni ba ya jin motoci, baƙo ne ke kwana ido biyu. Ƙwaƙwalwa na da mai gadin da ke tace sautin da ba shi da amfani kafin ya kai ga hankali. A 2006 Mark Mühlau a birnin Munich ya ba da rahoton cewa wani wuri a ƙasan gaban ƙwaƙwalwa ya fi ƙanƙanta a masu ƙarar kunne. Josef Rauschecker da Amber Leaver na Jami'ar Georgetown da ke Washington sun ɗora a kai a 2010 da 2011. A ganinsu wannan wuri, tare da wata cibiya da ke auna daɗi da ƙin abu, su ne mai gadin. In suna aiki, ƙarar da raunin kunne ya haifar ba ta wucewa. In sun gaza, ta shigo ta zauna.

Fatima Husain ta Jami'ar Illinois ta duba abin ta wata fuska. Ƙwaƙwalwa na da rukunin sassa da ke aiki lokacin da mutum ya saki jiki, da wani rukuni da ke tashi in ya mai da hankali kan abu. A 2017 ƙungiyarta ta nuna cewa a masu daɗaɗɗiyar ƙara, wani sashe da ke saman bayan kai ya fi manne wa rukunin mai da hankali, ya sassauta da na hutawa, kuma abin ya fi fitowa a waɗanda ƙarar ta fi damu. Wannan ya dace da kukan da marasa lafiya suka daɗe suna yi na gajiya da kasa tattara tunani.

Shaida mafi kusa ta zo ne daga mutum ɗaya. A 2015 William Sedley na Jami'ar Newcastle da Phillip Gander na Jami'ar Iowa sun ba da labarin wani ɗan shekara 50 mai farfaɗiya, wanda likitoci suka dasa wa wayoyin awo 164 a cikin kai don shirin tiyata, aka kuma yi dace yana da ƙarar kunne. Sun riƙa kunna masa hayaniya ta daƙiƙa 30, wadda wani lokaci kan kwantar da ƙarar na ɗan lokaci, suna kwatanta lokacin da ta kwanta da lokacin da ba ta kwanta ba. Sautin waje mai kama da ƙarar ya motsa ɗan ƙaramin wuri ne kawai. Ƙarar kunnen kuwa sawunta ya mamaye kusan dukkan sashen ji, ya tsallaka zuwa sassan tunani da na motsin rai. Ga masu fatan a gano wuri ɗaya a yanke ko a ƙone, wannan ba labari mai daɗi ba ne.

Inda masana suka saɓa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a wannan fage hoton ma ya sha jawo gardama. A 2012 Dave Langers da abokan aikinsa a Jami'ar Groningen ta Holand sun duba masu ƙarar kunne da jinsu ke daidai, ba su ga gurɓacewar jerin sautukan da aka ba da rahoto a 1998 ba. A 2013 Jennifer Melcher ta Boston ta sake auna wurin da aka kira mai gadi, ta ga girmansa na tafiya ne da raunin jin sautuka mafi siranta, waɗanda awon likita ba ya kaiwa gare su, ba da ƙarar ba. A 2017 masu bincike a Jami'ar Manchester sun nemi raunin jijiya a matasa masu ƙarar kunne, ba su same shi ba, ko da yake sun tabbatar matasan sun fi sauran shan hayaniya a rayuwarsu.

Dalilan saɓanin sanannu ne. Yawancin binciken an yi su ne a kan mutum goma zuwa ƴan gomomi. Mai ƙarar kunne sau da yawa yana da raunin ji, yana da ƙin sauti mai ƙarfi, yana da damuwa, kuma kowanne daga cikinsu na barin tasa alama a hoto, rarrabe su kuwa aiki ne. Na'urar IRM da kanta tana ruri fiye da desibel 100, wato ana auna sautin ɓoye a cikin injin da ya fi injin niƙa hayaniya. Sannan ko an ga bambanci, hoto ba ya faɗin ko shi ya haifar da ƙarar ko shekarun fama da ita ne suka haifar da shi.

Don haka har yau babu hoton da likita zai ɗauka ya ce wannan mutum na da ƙarar kunne. Ana dai matsowa. A 2020 Mehrnaz Shoushtarian ta cibiyar Bionics da ke Melbourne a Ostireliya ta yi amfani da wata hula mai haska kai da haske, marar ƙara, a kan masu ƙarar 25 da marasa ita 21. Kwamfuta ta rarrabe su daidai da kashi 78 cikin 100. Wannan ci gaba ne a ɗakin bincike, amma awon da ke kuskure a kan mutum ɗaya cikin biyar bai isa a kafa hukunci da shi ba.

Daga hoto zuwa magani

Gwajin farko da hotunan suka haifar shi ne a ɗora maganaɗisu a kai a kwantar da sashen jin da ya cika aiki. Ƙananan gwaje-gwaje sun ba da fata, amma wani babba da aka yi a asibitoci da dama na Jamus, aka wallafa a 2017, ya nuna bai fi na ƙarya amfani ba.

Hanyar da ta fi tafiya yanzu ta samo asali ne daga waɗancan masu cije haƙora. Susan Shore ta Jami'ar Michigan ta shafe shekaru tana nazarin zangon farko da jijiyar ji ke sauka a gindin ƙwaƙwalwa, inda saƙon taɓawa daga fuska da wuya ke haɗuwa da na sauti. A ɓeran masar ta nuna cewa in aka haɗa sauti da ɗan bugun lantarki a fata, da tazarar da aka auna daidai, ƙwayoyin da suka rikice na lafawa. An gwada a mutum 20 a 2018, sannan a mutum 99 a 2023, minti 30 kullum na mako shida. Ƙarar ta ragu a makonnin da aka haɗa biyun fiye da makonnin da aka ba da sauti kaɗai. Sai dai an zaɓi mutanen ne cikin masu iya canza ƙararsu da motsin muƙamuƙi ko wuya.

Wata na'ura mai suna Lenire, ta wani kamfanin ƙasar Ireland, tana haɗa sauti da bugun lantarki a harshe. An gwada ta a mutum 326 a 2020, hukumar kula da magunguna ta Amurka kuma ta amince da ita a watan Maris na 2023. Masu suka na nuna cewa a wancan gwaji babu rukunin da aka bai wa na'urar ƙarya don kwatanci. Kuɗinta daloli dubbai ne, kuma masu ita ma ba su ce tana kashe ƙarar ba, sun ce tana rage damuwarta.

Abin da ya fi ƙarfin hujja har yanzu ba na'ura ba ce. Zama ne da ƙwararre da ke koya wa mutum yadda zai sauya tunaninsa da ɗabi'arsa game da ƙarar. Wata bita da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2020 kan gwaje-gwaje 28 da mutum fiye da 2,700 ta nuna wannan hanya na rage yadda ƙarar ke dagula rayuwa. Sautin na nan, amma tsoronsa ya ragu, abin da ya yi daidai da abin da hotuna suka nuna game da sassan damuwa. Ga mai raunin ji kuma, na'urar taimaka wa ji kan sauƙaƙa, tunda saƙo ya ƙaru ƙwaƙwalwa ba ta buƙatar ƙara murya sosai. Ƙwayoyi da haɗe-haɗen da ake talla da sunan maganin ƙarar kunne, irin su ganyen ginkgo da sinadarin zinc, ƙungiyar likitocin kunne ta Amurka ta ce tun 2014 kada a ba da su, don babu hujjar suna aiki.

Abin da ya shafi Nijar

Darasi na farko ya shafi aljihu. Na'urorin IRM ba su da yawa a ƙasar, kuma hoton na da tsada. Ƙa'idar likitocin Amurka ta 2014 ta ce mai ƙara a kunnuwa biyu, ba tare da wata alama ba, ba ya buƙatar hoton kai. Ana neman hoto ne in ƙarar a kunne ɗaya take, ko tana bugawa tare da bugun zuciya, ko jin kunne ɗaya ya fi ɗaya rauni, ko akwai alamar taɓuwar jijiya kamar karkacewar fuska. Wanda kuma jinsa ya ɗauke farat ɗaya tare da ƙara, wannan na gaggawa ne, kwanakin farko ne ke da amfani. Ga sauran, abin da ya kamata a fara da shi shi ne a leƙa kunne, domin dauɗar kunne da ciwon kunne mai ruwa na jawo ƙara kuma ana maganinsu, sannan a auna ji, a auna jini.

Na biyu ya shafi magunguna. Duk wanda ya taɓa shan kinin ko aka yi masa allurarsa saboda zazzaɓin cizon sauro ya san kukan kunnen da yake sawa, wanda galibi kan wuce in an gama magani. Asfirin mai yawa ma haka. Amma allurai irin su jantamisin, sitireftomisin da kanamisin na iya kashe ƙwayoyin gashin kunne har abada. Nijar ta san wannan a aikace. Rahoton da aka wallafa a 2014 kan gajeren maganin tarin fuka mai gardama da aka gwada a ƙasar ya nuna kusan kashi 89 cikin 100 na mutum 65 sun warke, nasarar da duniya ta yaba, amma kashi 20 cikin 100 jinsu ya taɓu. A 2018 hukumar lafiya ta duniya OMS ta cire kanamisin daga magungunan da take shawartar a yi wa irin wannan tari. Wanda likita ya rubuta wa irin waɗannan allurai bai kamata ya daina da kansa ba, sai dai ya gaggauta faɗa in kunnensa ya soma kuka. Haɗarin ya fi yawa ga mai sayen allura wurin ƴan talla ba tare da awo ba. Sanƙarau ma, wanda ke zagayo wa yankin a lokacin zafi, yana barin wasu da suka tsira da raunin ji.

Na uku shi ne hayaniya. A ma'aunin OMS, kunne na iya jure desibel 80 na awa 40 a mako. In ta kai 90, awa huɗu ne. In ta kai 100, minti 20 kacal. Mai injin niƙa, mai walda, maƙeri, wanda ke kwana kusa da injin wuta, sojan da ke harbi, yaron da ke zaune gaban amsa-kuwwa a wurin biki, da matashin da ke wuni da abin sauraro a kunne, duk suna cin wannan kaso. Ma'auni mai sauƙi shi ne, in sai mutum ya ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya daga gare shi ya ji, to wurin na cutar da kunne. Binciken ɓerayen Boston ya ƙara wani gargaɗi: kunnen da ya toshe bayan biki ya buɗe washegari ba lallai ne ya koma yadda yake ba.

Giɓin da ya rage na hukuma ne. Rahoton OMS na watan Maris 2021 ya ce a kashi 78 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, likitan kunne, hanci da maƙogwaro bai kai ɗaya ga mutum miliyan ɗaya ba, a kashi 93 cikin 100 kuma ƙwararren awon ji bai kai haka ba. A duniya baki ɗaya, kashi 17 cikin 100 ne kawai na masu buƙatar na'urar taimaka wa ji ke amfani da ita. Na'urar awon ji a asibitocin jihohi, horar da ma'aikatan jinya su iya yi wa mai ƙara bayanin abin da ke damunsa, da tilasta toshiyar kunne a wuraren aiki masu hayaniya, duk a haɗe ba su kai kuɗin IRM ɗaya ba.

Bayanin kansa wani ɓangare ne na magani. Mutumin da aka gaya wa cewa ƙarar da yake ji ta gaske ce, an ga sawunta a ƙwaƙwalwa, ba hauka ba ce kuma galibi ba alamar mugun ciwo ba ce, ya fi samun barci a kan wanda aka sallama da cewa ba a ga komai ba. Yawancin masu ita kan saba da ita a hankali. Ƙwayoyin gashin kunnen ɗan Adam kuwa, in sun mutu ba sa sake tsirowa, kuma har yanzu babu ɗakin binciken da ya iya dawo da su.